Sili, Sunan da Malam Babba Ya Bar Mini

Shekara shida ke nan a wannan watan da rasuwar kakana, Malam Inuwa, wanda mu a gida muke kira Malam Babba. Ina da shekara goma ya rasu, yanzu ga ni a aji biyar na sakandare. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Duk shekara idan aka taru a gidanmu na Fagge don yi masa addu'a, nakan ɗaga hannu tare da kowa, in shafa tare da kowa. Amma akwai wata tambaya da ta tokare mini ƙirji, wadda ban taɓa faɗa wa ko Ummata ba: shin mutumin da na fi ƙauna a duniya kallon wawiya yake yi mini? Sai bana na sami amsa, shi ya sa sai bana hannuna ya iya rubutu a kansa.

Aikin Malam Babba duba kurakurai ne. Ya yi shekaru masu yawa a wata maɗaba'a a Sabon Gari, inda ake buga katin biki da kalanda da takardun makarantu. Kafin a ɗora shafi a kan inji sai ya bi ta hannunsa. Ko bayan ya bar aiki, jan bironsa bai bar bayan kunnensa ba. Idan muna cikin adaidaita sahu, ni ina kallon mutane, shi yana karanta allunan shaguna, can sai ka ji ya ce a hankali an ci harafi ɗaya a wancan allon, Allah ya shirya mai fenti. Tabaransa ƙafa ɗaya ta karye, ya ɗaure ta da baƙin zare. Fensirinsa da reza yake feƙewa, ya tara ɓawon a murfin gwangwanin madara, don kada ya ɓata wa mai shara rai.

Yana da littattafai huɗu da ya rubuta da hannunsa, kowanne ya yi masa riga da ƙyallen atamfa da wani abokinsa na Kantin Kwari yake ba shi. A ciki yake tara kalmomin Turanci, ya rubuta ma'anar kowace da Hausa, bisa jerin haruffa. Ba don ya buga ya sayar ba, kuma ba wanda ya sa shi. Abin da ya fi burge ni shi ne alamomin da yake yi musu a gefe. Kalmar da ya tsinto a bakin 'yan kasuwar Sabon Gari, irin "dash" da suke cewa kyauta, ko "go-slow" da suke cewa cunkoson motoci, sai ya rubuta mata "ta kasuwa". Wadda ta tsufa, ba a cika jin ta ba, irin "draper", wato mai sayar da yadi, sai ya rubuta "tana jinya". Wadda kuwa Turawan da kansu suka daina faɗa, irin "anon", wato nan ba da jimawa ba, sai ya rubuta mata "marigayiya". Idan zai karanta irin wannan, yakan sassauta murya kamar mai wucewa ta gefen maƙabarta. Yakan ce da tsohuwar zuma ake magani.

Ni sunan mahaifiyarsa na ci, Hauwa'u, don haka bakinsa ba ya iya kama sunana. Mutanen gida Ummi suke ce mini. Sauran jikokinsa mata kuwa amarya yake kiran su, su yi ta tsokanar sa suna cewa sun fasa auren, tsoho ba shi da haƙora. Ni kaɗai ya raɗa wa suna na daban: Sili. Kowa a gida ya fahimci dalili, ko kuma ya zaci ya fahimta. Bakwaini aka haife ni, 'yar firit, kuma har na yi wayo ban yi ƙiba ba, kamar silin zare. Ina son sunan ƙwarai. Ni ba mai yawan magana ba ce, ko baƙi aka yi a bayan ƙyaure nake maƙalewa, amma idan na ji "Sili, miƙo mini na biyu," sai in ruga soro in zaro littafin daga cikin 'yan'uwansa, in zauna a gefen tabarmarsa. Ba ya tambaya ta me ya sa ba na magana. Shi yana rubutu, ni ina kallon yadda yake lanƙwasa wutsiyar harafi, shirunmu ya ishe mu.

Ranar da na shiga aji ɗaya na firamare, shi ya rubuta mini suna a bangon littafina na farko. A sama ya sa cikakken sunana. A ƙasa, da ƙananan haruffa, ya rubuta "Silly". Na adana littafin nan a ƙasan akwatin Umma, nakan ɗauko shi lokaci-lokaci in duba. Ban taɓa kawo komai a raina ba. Na ɗauka haka ake rubuta sunana da boko.

Ina aji biyar na firamare malamarmu ta Turanci ta rubuta sababbin kalmomi a allo. Ta uku a jerin ita ce wannan, da haruffanta biyar cif, ba ragi ba ƙari. Ta juyo ta ce ma'anarta wawa, sakarai, marar tunani. Ta sa muka maimaita sau uku. Har yanzu ina iya tuna ƙurar alli a gefen hijabinta, da yadda wani ƙuda yake ta bugun gilashin taga. Ba wanda ya dube ni, don a makaranta ba a san ni da sunan ba. Ni kaɗai na ji kamar an kwara mini ruwan sanyi.

Da wani ne ya rubuta, da na ce kuskure ne. Amma mutumin da yake hango harafin da ya ɓace a allon shago daga cikin adaidaita sahu ba zai ƙara harafi ɗaya ya sauya wani a sunana bisa kuskure ba. Ya san abin da ya rubuta. Daga ranar na fara tattara shaidu kamar mai shirin kai ƙara. Na tuna ranar da na zuba masa gishiri a shayi a maimakon sukari, ya yi ta dariya yana cewa kai, Sili. Na tuna ranar da ya ce in miƙo na uku na miƙo na ɗaya. Na tuna yadda yake kiran sauran amarya. Komai ya zauna daram. Na yage bangon littafin, na cusa shi a murhu.

Ban tambaye shi ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai daga baya. An ce matambayi ba ya ɓata, to ni ban tambaya ba, na kuwa ɓata. Na daina zama a soro. Idan ya kira, sai in yi kamar ban ji ba, ko in amsa daga tsakar gida in aika ƙanwata. Da aka yi kwana goma a haka, sai ya daina cewa Sili. Ya koma ce mini Mai Sunan Inna, cikin ladabi, kamar yana magana da baƙuwa. Wannan ma na sa shi a cikin shaiduna, na ce ya gane na gano shi. Bayan kamar mako shida ya kwanta ciwo, bai yi kwana bakwai a kwance ba. Ranar ƙarshe da na gan shi a farke, kunu na kai masa da hantsi. Ya dube ni ta saman tabarau, ya buɗe baki kamar zai faɗi wata doguwar magana, sai kawai ya ce Allah ya yi mini albarka. Na ce amin ina kallon ƙasa, na fita da sauri.

Bayan an share makoki na je na duba littattafansa, ina so in ga da idona abin da ya rubuta a gaban kalmar. Uku na tarar. Na huɗu, wanda ya fara daga harafin da nake nema, babu shi, kuma ba wanda ya san inda ya shiga. Babban ƙamus ɗinsa kawuna ya tafi da shi Kaduna. Na duba ƙaramin ƙamus na makaranta, ma'ana ɗaya ce, ta malama. Da na girma kaɗan na duba a wayar Umma, na karanta layin farko, na kashe. Wanda ya riga ya yanke hukunci ba ya karanta layi na biyu. Haka na yi ta ɗaukar kaya biyu a kai: cewa ya raina ni, da cewa na bar shi ya tafi ina fushi da shi.

Sau da yawa nakan tambayi kaina, da yana nan, me zai ce game da Kano ta yau. Maɗaba'ar da ya yi aiki a ciki yanzu shagon waya ce, ana sayar da caja da murfin waya a daidai inda teburinsa yake. Katin biki ta waya ake turowa, kuma da wuya ka ga wanda ba a ci harafi a ciki ba. Na san hannunsa zai yi ta kaiwa bayan kunne yana neman jan biro, ya rasa inda zai ja layi. Amma ban jin zai yi fushi da zamani. Ina ganin da ya zauna a bakin makarantarmu lokacin tashi, da ya cika littafi na biyar. 'Yan ajinmu idan ƙawa ta daina amsa saƙo sai su ce ta yi "ghosting", wato ta zama fatalwa da ranta. Idan abu wasa ne sai su ce "cruise" ne, kalmar da shi ya sani da yawon jirgin ruwa. Zai yi dariya har ya cire tabarau, ya rubuta "ta kasuwa" a gefe, ya ce ashe kalma ma tana sauya sana'a. Shi bai taɓa raina kalma don a titi aka haife ta ba, kuma bai taɓa yar da wata don ta tsufa ba. Ni da nake kusa da shi fiye da kowa, wannan halin nasa ne na kasa lissafawa a cikin shaiduna.

A watan jiya saƙo ya zo wa Umma daga Baba Yohanna. Tsohon malamin makaranta ne, mutumin Zariya, Kirista, yana zaune a Sabon Gari tun kafin a haifi Umma. Shi ne babban aminin Malam Babba. Duk Asabar sukan haɗu, su sa gyaɗa a gaba, su yi ta gardama a kan kalmomi har la'asar. Malam Babba yana ce masa Fada, shi kuma yana ce masa Limamin Ƙamus. Saƙon ya ce zai koma Zariya wajen 'yarsa, kuma akwai amanar gidanmu a hannunsa. Ranar Asabar da safe muka tafi ni da Umma, muka ratsa ta bakin kasuwa, muka shiga layinsu.

Mun tarar da shi a tsakiyar kwalaye, an ɗaure wasu da igiya, wasu a buɗe. An yi masa aikin ido ba da daɗewa ba, yana ta murnar cewa yanzu yana ganin har tururuwa. Suka gaisa da Umma, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya juyo gare ni.

"A'a. Sili ce ta zama budurwa haka?"

Shekara shida ban ji sunan a bakin kowa ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma idon Baba Yohanna sabo ne. Ya daɗe yana kallo na. Murmushinsa ya ragu.

"'Yata, har yanzu ba wanda ya gaya miki?"

Ya jawo wani kwali, ya zaro littafi mai rigar atamfa ruwan ganye. Tun kafin ya miƙo na gane shi, har da tabon shayin da ke gefen bangon. Ya ce in buɗe da kaina, ai na san jerin haruffa. Na yi ta juya shafi, har na iso. Ga abin da Malam Babba ya rubuta, da wutsiyoyin haruffansa masu lanƙwasa:

Silly. A yau: wawa, sakarai. A da can: mai albarka; marar laifi; wanda Allah ya yi wa rabo. Marigayiya. Dubi: jikata.

Na karanta sau uku, kamar yadda malama ta sa muka maimaita waccan. A duk littattafansa, idan ya rubuta "dubi", wata kalma yake tura ka ka je ka gani don ka ƙara fahimta. A nan ni ya tura mai karatu ya zo ya gani.

Baba Yohanna ya ba mu labarin sauran. Ya ce ranar da aka haife ni, matan gida suna ta cewa wannan silin abu anya za ta yi rai. Malam Babba ya ji kalmar ta tsaya masa a kunne. Asabar ɗin da ta biyo baya ya zo Sabon Gari da babban ƙamus a hammata, ya nuna wa abokinsa cewa kalmar Turanci mai irin wannan sautin, kafin ta lalace ta zama zagi, addu'a ce. Ya ce mata sun ba ta sunan Hausa don ƙanƙantarta, shi kuma zai ɓoye mata na Turanci a ciki, suna ɗaya riga biyu. Baba Yohanna ya ce ya gargaɗe shi a ranar, ya ce Liman, makaranta za ta koya wa yarinyar nan wata ma'anar, za ka jawo wa kanka. Malam Babba kuwa ya ce idan ta kai nan za ta zo ta tambaye shi, ranar ce zai fi kowa farin ciki.

Sai na ji bakina ya buɗe da kansa. Na tambayi abin da ya fi damu na, ko ya ji haushina da na guje shi.

Baba Yohanna ya yi dariya har ya dafa kwali. Ya ce wata Asabar Malam Babba ya shigo yana cewa mutuniyar ta gano, ta yi yaji, ko kallon sa ba ta yi. Ya ce dariya yake yi har tari ya sarƙe shi, yana alfahari, wai yarinyar da za ta yi fushi a kan harafi biyu jininsa ce ba shakka. Ya daina kiran sunan ne don ya ga yana sosa mini rai. Da aka ce masa to ya yi mini bayani mana, sai ya ce ba zan yarda da maganar baki ba, zan ɗauka lallashi ne, sai ya nuna mini a rubuce, da tsohuwar tawada. Littafin kuwa a lokacin yana hannun Baba Yohanna. Ya are shi ne don wata gardama da suke yi a kan "yonder", wato can nesa. Malam Babba ya rubuta mata marigayiya, shi kuma ya ce muddin ana rera ta a waƙoƙin coci ba ta mutu ba. Ya yi alkawarin dawo da shi mako mai zuwa. Sai tafiya ta kama shi zuwa Zariya, ya yi wata guda, ya dawo ya tarar ana zaman makoki.

"Na kasa buɗe shi," in ji shi. "Na sa a akwati, ido ya tafi, na manta. Kakanki ma irinki ne, abin da zai faɗa da baki sai ya rubuta. Ni ne na tsaya a tsakaninku. Ki yafe mini, 'yata."

Na ce babu komai, Baba, kuma da gaske nake. Ban san nauyin abin da nake ɗauke da shi ba sai da aka sauke. A hanyarmu ta komawa na ji ƙanshin soyayyar doya a bakin kasuwa, na ji yunwa irin wadda na daɗe ban ji ba. Da muka kusa gida, Umma ta ce ita duk zamanta ta ɗauka zare ne kawai, kuma da na buɗe baki tun tuni ai da an nemo littafin. Gaskiya ta faɗa. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Da muka isa na mayar da na huɗu kusa da 'yan'uwansa. Baba Yohanna ya ce mini in duba "nice" a na uku idan ina son dariya. Na duba. A yau: mai kyau, mai daɗin hali. A da can: wawa. Ashe kalmomin biyu musayar riga suka yi, kamar 'yan mata ranar biki. Wannan shafin shekara shida yana cikin gidanmu, taku goma daga inda nake kwana.

Idan na auna abin da ya rage na Malam Babba, ba shi da yawa a ido. Jan bironsa ya bushe. Tabaransa suna cikin gwangwani, zaren yana nan yadda ya ɗaura shi. Katunan bikin da ya gyara, masu su sun aurar da 'ya'ya. Littattafansa huɗu ba za a buga su ba, kuma rabin kalmomin ciki ba wanda zai ƙara buƙatar su a jarrabawa. Amma ya bar mini karanta layi na biyu. Yanzu idan wata ta faɗi magana ta sosa mini rai a aji, nakan daure in tambaye ta me take nufi. Ya kuma bar mini addu'ar da ya yi ta yi mini sau goma a yini, tsawon shekara goma, a gaban kowa, ba wanda ya gane. Har ranar kunun nan, da ya ce Allah ya yi mini albarka, ashe sunana ya kira, da Hausa, tunda na hana shi ɗayan.

Abu ɗaya ne ban yarda da shi ba a shafin, kuma na san mai duba kurakurai ba ya ƙin gyara. Na feƙe fensir da reza, na tara ɓawon a murfin gwangwani. Ban goge masa komai ba. Na ja siririn layi a ƙarƙashin "marigayiya", na rubuta a gefe da ƙananan haruffa: tana raye, tana Fagge, kuma tana amsawa.